Bedi Talatin da Ɗaya a Gonar Aro

Gonar ta Arzika ce, kuma ni Jimrau ni na je na roƙo ta da bakina.

Shekara ashirin da huɗu ke nan, Elhaji Mudathir, wani attajirin hatsi na Maradi da nike yi ma awo a kasuwar Dakoro, ya tare ni da wata magana. Ya ce ɗiyan birni sun lalace. In an ba su hutun lakwal, wato makarantar boko, na damina, wanda suke ce ma bakansi, ba abin da suke yi sai barci da yawon titi, har ɗan cikinshi ya tambaye shi ko a buhu hatsi ke tsirowa. Yana son wuri a bakin daji inda za a riƙa kawo su wata biyu, su taɓa ƙasa, su ga dabba, su san inda tuwo ke hitowa. Shi zai ciyar, ni in riƙe.

Na ce na san wuri. Arzika abokina ne tun muna kiwon awaki, kuma yana da gonar gado gabas da gari wadda ya bari ta huta. Munka tahi mu uku wurin mai gari na lokacin.

Arzika ya ce, "In dai don yara ne, na bada aro. Muddin suna zuwa, ba ni tada su. Ranar da sunka daina zuwa, a maido mini gonata." Sai ya juyo ya dube ni. "Jimrau, ban san Elhaji ba. Kai na sani."

Na ce, "A wuyana."

Ba a rubuta komi ba. Anka yi fatiha, anka tashi.

Aron gona a wurinmu ƙa'ida biyu gare shi. Ta farko, duk kaka mai aro zai kai ma mai gona dami guda na hatsi, ba don ladan gona ba, don dai mutane su gani su tuna ta wane ce. Ta biyu, ba a dasa icce a gonar aro. Hatsi wata uku ne ka girbe ka tahi, icce kuwa zama ne. Wanda ya dasa icce ya ce ƙasar tashi ce ko bai buɗe baki ba, kuma in rigima ta kai gaban manya, iccen ake fara dubawa kahin a saurari mutum. Don haka ban yarda an aza tubali ko ɗaya ba. Bukkoki munka yi da rumfunan zana, ruwa kuma amalanken jaki ke kawo shi daga gari.

Shekarar farko yara ashirin sunka zo cikin babbar mota, da akwatuna da fararen takalma. Wata yarinya tana sauka ta tambaye ni ina pampo. Na nuna mata jaki. Kwana ukun farko kuka ne, wannan yana son uwarshi, waccan ta ga kunama, wancan ya ce hura tana warin ƙwarya. Ban lallashi kowa ba. Da asuba salla, bayan salla hauya, kowa da layinshi. Da hantsi su koma wurin Inna Kyauta, mai dafa muna abinci, su koyi surfe da daka da tatsar akuya. Da la'asar in kai su rugar Fulani su ga shanu, ko wurin Intalla Buzu ya ɗora su bisa raƙumi suna ihu. Ban taɓa bugun ɗan kowa ba, amma wanda ya zubar da tuwo, gobe shi ke daka. A gabana Baba Jimrau suke cewa, a bayana Komanda. Na sani, ban nuna ba. Ranar komawa kuwa, waɗanda sunka yi kukan zuwa su ke kukan tahiya, kowa da zangarniyar hatsi a hannu zai kai ma uwarshi. Mutanen gari sunka sa ma wurin suna Gonar Bakansi.

Kaka biyu na kai ma Arzika daminshi, ya karɓa yana tsokanata wai na zaɓo mishi ƙarami.

A shekara ta uku yara arba'in sunka zo, Elhaji ya haɗo su da wani malamin lakwal, Mushe Zakariya, don Mushe ake ce ma malaman lakwal a wurinmu. Mutumin kirki ne, ya san littahi, bai san gona ba. Anka yi mini rasuwa a Kornaka, na tahi gaisuwa kwana biyu. Ashe tahiyar ta faɗa a kan uku ga Agusta, ranar da ƙasa duka ke dashen itace. Mushe ya je wurin ma'aikatan daji ya karɓo 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, guda arba'in cikin leda, kowane yaro guda. Elhaji ma ya zo daga Maradi, anka aje mishi kujera yana kallo, anka ɗauki hoto.

Da na dawo na iske layi biyu tun daga bakin gona har ƙarshenta, kowane dashe an kewaye shi da ƙaya.

Na ce, "Mushe, wa ya ce a dasa?"

"Ai ranar icce ce, Baba. Ƙasa duka ana dashe."

"Ƙasa duka aro ce?"

Ya tsaya yana kallona, bai gane ba. Na duƙa na kama na farko zan tumɓuke. Sai wata yarinya 'yar shekara tara ta riƙe mini hannu, Naja'atu ɗiyar Elhaji. Ta ce, "Baba, nawa ne wannan, har na ba shi ruwa sau biyu." Kan ka ce me, su arba'in sun kewaye ni suna kuka. Elhaji ya taso yana dariya, ya ce, "Haba Jimrau, icce ne fa, ba gida ba. Inuwa ce ta kowa."

Na saki. Laihina na farko ke nan. Na dai hana a sake dashe daga ranar, amma waɗanda ke ƙasa sunka zauna.

Da kaka na ɗauki dami na kai. Na iske Arzika a ƙofar gida yana tufkar igiya, mutane zaune tare da shi.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

"Damin gona."

"Wace gona? Wadda kunka dasa? Ɗauki abinka. Mai gona ba ya kai ma kowa dami."

A gaban mutane ya faɗa, kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki damin na juya, ban sake kai wani ba. Wannan laihin ya hi na farko. Da na aje shi a ƙofar na yi tahiyata, ko da awaki za su cinye shi, da idon gari ya ci gaba da gani duk shekara. Arzika bai tada mu ba, don ya riga ya ce muddin yara na zuwa. Amma daga nan sai gaisuwar masallaci, lahiya lau, lahiya lau, kowa ya sa takalminshi.

Shekaru sunka wuce. Tara cikin bedin sunka mutu, talatin da ɗaya sunka girma har inuwarsu ta haɗe. A ƙarƙashinsu yara ke cin abinci, ɗiyan da ba a haifa ba lokacin dashen. An yi shekarar da munka karɓi sittin. Daga baya abin ya fara ja da baya. Wasu iyayen suna tsoron hanya, wasu sun gwammace su sa ɗiyansu karatun hutu a birni, yaran ma in an ce babu wurin cajin waya sai su ce ba su zuwa. Inna Kyauta ta tsufa, gwiwa ta hana ta tsayuwa bakin murhu. Daminar ƙarshe yara tara sunka zo. Bayan kaka Allah ya yi ma Elhaji rasuwa. Garin Dakoro kuwa ya yi ta matsowa, har gidajen siminti sunka iso bakin gonar.

Da bazara Abdulrauf, babban ɗan Elhaji, ya zo da wani mai awon hili. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi.

Ya ce, "Baba Jimrau, bakansi ya ƙare, ba mai iya ɗaukar nauyin. Za a yanka wurin hilaye a raba ma magada."

Na ce, "Gonar Arzika ce. Aro ce."

"Akwai takarda?"

"Babu."

"Wa ya shaida?"

"Ubanka da tsohon mai gari. Duk sun riga mu."

"Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma na tambaya a gari, an ce shekara ashirin ba wanda ya ga dami ya hita daga nan. Ga kuma itatuwa. Wa ke dasa wannan a gonar wani?"

Yaron ba ɓarawo ba ne. Abin da kowa zai gani ya gani. Anka kai magana wurin sabon mai gari, ya sa zama bayan sati biyu.

Na tahi gidan Arzika, karo na farko tun ranar damin. Ya tsufa, ɗiya uku maza gare shi da jikoki cike da gida, kuma ɗaya gonar tashi ta gaji, ba ta ciyar da su ko rabin shekara. Na faɗa mishi abin da ake ciki. Bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Ka ce a wuyanka. Ina kallo."

Kwana biyu ina juya abin. Na ga dai itatuwan ga su ne shaidar da za ta ci Arzika, to sai in kawar da shaidar. Na san in ma'aikatan daji sunka ji za su ruhe ni, don doka ta hana sare icce ba izini. Na ce su ruhe. Na wasa gatari, da sahe na tahi na fara da na ƙarshen layi. Bedi mai shekara ashirin da ɗaya ba wasa ba ne, ni kuma ba yaro ba. Sai kusan azahar ya faɗi. Hannuna duk ya yi kanta ya fashe. Na zauna bisa kututturen ina haki, ina duban talatin da sunka rage.

Nan kabu-kabu ya tsaya, wata mata ta sauko. Naja'atu ce, yanzu ungozoma a Maradi, uwar ɗiya uku. Ta zo kwashe tabarmi da tukwane. Ta dubi iccen a ƙasa, ta dubi gatarin, ta dube ni.

"Komanda! Me iccen ya yi maka?"

"Au, yau a gabana kike faɗi?"

"Na girma ai. Baba, hankalinka ɗaya kuwa? Kawo hannun in gani."

Ta ciro tsumma daga jaka tana ɗaure mini, ni kuma ina ba ta labari tun daga fatihar farko har maganar wanta. Ba ta taɓa sanin gonar aro ce ba. Sai ta ce, "To tsaya. A al'adarku, icce na wane ne? Na mai ciyarwa ko na wanda ya dasa?"

"Na wanda ya dasa."

"Ko yaro ne?"

"Ko yaro ne. Hannun da ya sa shi ƙasa."

"To ai Babanmu bai dasa ko ɗaya ba. Yana bisa kujera da babbar riga, ina da hoton. Mu munka dasa. In mai icce ya ce ya ba Baba Arzika iccenshi kyauta a gaban mutane, ya ba shi?"

Shekara ashirin da ɗaya ina kallon itatuwan ga a matsayin na Elhaji, don shi ne babba a wurin, ban taɓa kawo yaran a raina ba.

Na ce, "Ya ba shi. Amma ina za ki samo mutum arba'in?"

Ta ɗaga wayarta. "Wannan abin da kake zagi. Aje gatarin, don Allah, kahin ka kashe kanka."

Ranar zama, mai gari ya ce a yi shi a gonar, ƙarƙashin abin da ake rigima a kai. Tun hantsi motoci sunka fara tsayawa. Mutum goma sha bakwai sunka zo da ƙafarsu. Ban gane rabinsu ba. Wani ƙato mai tumbi ya rungume ni, ya ce shi ne Harouna da ya faɗo daga raƙumin Intalla, yanzu jandarma ne. Na ce raƙumin ya yi sa'a da ba yau ba ne. Mushe Zakariya ma ya zo, kai duk hurhura, yana dogara sanda.

Kahin a zauna rigima ta tashi tsakaninsu.

"Wannan nawa ne, na uku daga bakin hanya."

"Ƙarya kake, Harouna. Naka tun sati na farko akuya ta cinye shi, kana tsaye kana kuka."

"Aziza, ke da ko ramin ba ki iya haƙawa ba? Ni na haƙa miki!"

Icce talatin ke tsaye, kuma ba wanda ya yarda nashi na cikin waɗanda sunka mutu. Mai gari ya yi dariya har ya share ido, ya ce to kowa ya bada nashi, rayayye ko matacce.

Mushe ya fara magana. Ya ce shi ya kawo dashen, bai tambayi kowa ba, kuma sai bayan shekaru ya gane abin da ya yi, kunya ta hana shi dawowa. Ya roƙi Arzika gafara. Sannan na tashi na faɗi nawa, ban rage komi ba, har da damin da na juyo da shi don hushi. Abdulrauf ya ce wa ya ga wannan. Sai tsoho Intalla ya gyara rawani daga bayan taro.

Ya ce, "Ni na gani. Ina zaune ƙofar Arzika ranar. Jimrau ya ɗauki dami yana tahiya yana zage-zage, har ya yi tuntuɓe da turmi."

Mai gari ya ce, "To wanda ya kai dami anka maido mishi, ai ya kai ke nan."

Daga nan anka shiga kiran suna. Kowa ya zo ya dafa icce, mai gari ya ce, "Kai ka dasa?" Ya ce, "Ni na dasa." "Me ka ce?" "Na ba Baba Arzika, shi da ɗiyanshi, har abada." Arzika yana zaune bisa tabarma, huska a murtuke, sai ya ce, "Na karɓa." Goma sha tara ta waya sunka faɗa, Naja'atu tana ɗaga ta sama kowa ya ji, wani daga Yamai, wata daga Kano, wani daga Aljeriya muryarshi tana yankewa. Uku sun rasu, 'yan uwansu sunka faɗa a madadinsu, anka yi musu addu'a. Wajen na ashirin Arzika ya koma ɗaga kai kawai. Mutum ɗaya ne ba a samu ba, wani Abdulmumini, ba wanda ya san inda yake. Mai gari ya ce in ya bayyana wata rana, shi da Arzika su daidaita, icce guda ba ya riƙe gona.

Abdulrauf ya dubi itatuwan. Sannan ya ce, "Da Baba ya gaya mini aro ce, da ban kawo mai awo ba." Ya juya wajen ƙanwarshi. "Ke kuma da kin same ni a gida, da ba ki tara mini jama'a ba."

Ta ce, "Yaya, sau nawa na kira ka? Ai ba ka ɗaukar wayata."

Anka yi dariya, shi ma ya yi. Ya taso ya durƙusa gaban Arzika ya ce, "Baba, ga gonarka. Mun gode da aro. A yahe ma mahaihinmu."

Arzika ya ce, "Na yahe. Ya ciyar da ɗiyan mutane, Allah ya ciyar da shi."

Anka shafa fatiha. Wannan karon mai gari ya sa anka rubuta.

Ana watsewa Harouna ya matso ya ce, "Baba Arzika, ni fa ina da ɗiya biyu a gida, ko tsintsiya ba su iya riƙewa ba. Shi ke nan an ruhe?"

Arzika ya ce, "Bakansi ya ƙare, ba ni da abin ciyar da sittin. Amma ina da gona, kuma noman farko yana son hannuwa. Wanda ya kawo ɗanshi, gidana zai kwana, abin da munka ci shi zai ci. Kada a kawo mini akwati."

Aziza ta ce, "A kawo Komanda?"

"Wa zai hana shi? Ai ba ya jin magana."

Maganar iccen da na sare ta kai kunnen ma'aikatan daji. Ba su ruhe ni ba. Wani yaro cikinsu sa'an jikana ya zaunar da ni ya yi mini faɗa son ranshi, na saurara don yana da gaskiya, sannan ya ce in dasa biyar. Na dasa su a bayan gidana.

Munka kwashe bukkoki, Inna Kyauta ta raba tabarmi da tukwane ga matan unguwa. Mutum shida sunka aiko cewa ɗiyansu na zuwa da an ba da hutu.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Talata. Da sahe ɗan Arzika ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce Baba na kira. Na iske shi a gonar da sungumi a hannu, ɗiyanshi da jikoki sun ja layi. Bai gaishe ni ba, ya miƙo mini ƙwaryar iri. Ya shiga gaba yana sara, ina bin shi ina zubawa ina ruhewa da diddige. Mun yi rabin layi ya waigo.

Ya ce, "Rage hannu, Jimrau. Irin nawa ne, ba na Elhaji ba."

Na rage. Munka ci gaba har ƙarshen gona, munka juyo.